Sif ɗin da Ya Tokare Soron Dada

Ni Barau ban taɓa yarda akwai aikin da sai an kira wani ba. Sana'ata sayar da taki da maganin feshi a Birnin Kudu, amma duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙofar shagona ya san cewa a baki na iya gini, na iya walda, na iya gyaran famfo, har yadda ake cire haƙori na taɓa kwatanta wa wani ma'aikacin asibiti. Kayan aiki ne kawai ba ni da su. Su ma Allah ya haɗa ni da su a kasuwar Sara, wurin wani mai baza kayan gwanjo a ƙasa.

Injin yanka ne na hannu, irin wanda masu walda ke riƙewa yana feshin wuta. Launinsa ruwan lemo, rubutun jikin kwalinsa kuwa ba boko ba, ba ajami ba. Ya zo da faya-fayai uku: baƙi, da mai haƙora, da wani fari mai kama da murfin tukunya. Mai kayan ya yi min bayanin wanne ne na ƙarfe, wanne na katako, wanne na dutse, amma a lokacin araha ta ɗauke min hankali, kai kawai nake gyaɗawa ina tsoron kada ya gane ya yi kuskuren farashi.

Da na kai shi gida matata Batulu ta zagaya kwalin tana kallo daga nesa.

“Malam, wannan na yankan mene ne?”

Na ce, “Komai.”

Ta ce, “Abin da nake tsoro ke nan.”

A makon farko na daidaita mata ƙafafun kujerar tsugunno har ta koma faranti, na gyara bakin muciya ta zama ludayi marar ciki, na kuma raba igiyar shanya biyu ba da niyya ba. Daga nan duk ranar da aka kawo wuta sai in ga ta kwashe turmi da taɓarya ta kai gidan maƙwabta.

Ana cikin haka bikin yarinyar nan ya taso. Ita ce 'yar farina. A gidanmu, yadda muka tarar, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Sau ɗaya na taɓa faɗin sunanta, ranar suna, shi ma raɗa wa liman na yi a kunne. Tun daga nan “ke” ce, ko “yarinyar nan”. Ina sonta fiye da yadda zan iya faɗa, kuma dama ba a ba ni damar faɗa ba. Sai na ƙudurta cewa abin da baki ya kasa, katako zai yi. Na je wurin kafinta na ce ya haɗa mata sif na ajiye tufafi wanda ba a taɓa shiga Kwandiko da irinsa ba, don can ƙasar Gwaram za a kai ta, gidan Malam Hamisu, uban ango. Kafinta ya ce a yi mai noti, wanda ake kwancewa a ɗaura. Na ce ni ba na son kayan kwance-kwance, ya sa gam da ƙusa ya haɗe shi guda, ya ƙara masa tsawo, ya ɗora masa kambi a ka, ya manna madubi daga sama har ƙasa. Ranar da aka ɗora shi a mota sai da mutane suka fito daga shaguna.

Ranar Asabar da yamma ƙanwata Zulaiha, wadda ta jagoranci 'yan jere, ta kira ni.

“Yaya, sif ɗinka ya ƙi shiga.”

“Ku karkata shi.”

“Mun karkata, mun kwantar, mun tayar, har addu'a mun yi masa. Ƙofar ta yi masa kaɗan. Gobe da magariba za a kawo Najiba, matan gidan sun fara leƙowa suna dariya ƙasa-ƙasa. Ko a mayar wa kafinta ya ba mu ƙarami?”

Na ji abin har cikin raina. A ce yarinyar nan ta shiga gidan miji, abin da za a fara saninta da shi shi ne 'yar mai sif a tsakar gida? Na ce wa Zulaiha kada wanda ya sake taɓa shi. Ban gaya mata zan zo ba. So nake su wayi gari su tarar da aiki a gama, su yi ta tambayar wane injiniya ne ya zo.

Batulu ta gan ni da safe ina ɗaure kwalin a bayan babur.

“Malam, gidan surukai fa. Uban amarya ba ya zuwa ranar kai amarya.”

“Ba uban amarya ne zai je ba, ma'aikaci ne.”

“To Allah ya tsare gidan.”

Na sa baƙin tabarau da takunkumi, wai don ƙura, amma har da don kada a gane ni. Ina tsayawa a ƙofar gidan wani mai wucewa da jaki ya ce, “Sannu da zuwa, baban amarya.”

Malam Hamisu na zaune a zaure. Yana ganina ya sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Muka gaisa, muka tambayi gajiya, muka tambayi kaka, muka tambayi gero da dawa da wake ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon tabarma. Da amfanin gona ya ƙare sai muka sake komawa kan gajiya. Daga ƙarshe na ce, “Na ce bari in ɗan duba wani aiki ne a ciki.”

Ya ce, “To, to. Madalla. Ai gidanka ne. Matan ma duk suna maƙwabta wurin girki, baƙin kuma sun tafi gaida dangi.”

Tambaya ɗaya ta rage: wanne ne ɗakin? Na buɗe baki, ta ƙi fita. Ta yaya zan dubi surukina in ce ya nuna min ɗakin da 'yata za ta kwana? Shi ma na ga alamar ya san akwai abin da ya kamata ya faɗa, amma sai ya ɗauki butarsa ya fice kamar an kira sallah, alhali ko hantsi bai gama ɗagawa ba.

Na shiga. Ban ma sha wahala ba, ga sif ɗina nan tsaye a inuwa, jingine da bangon wani ɗaki mai sabon shuɗin fenti, an rufe ƙofar da kwaɗo. Na ce a raina, mai ilimi ba ya bukatar tambaya. Sauran ɗakunan ko kallonsu ban yi ba, don ba kyau baƙo ya riƙa raba ido a gidan mutane.

Babu wuta a unguwar, sai na nemo Ikrima, mai aski a bakin hanya, ya turo janaretonsa a baro. Bayansa kuma duk wanda ba shi da aikin yi a Kwandiko ya biyo. Wasu suka shigo, wasu suka ɗare katanga.

Ikrima ya dubi ɗakin, ya dube ni. “Baban amarya, wannan ƙofar za a taɓa?”

“Ita. Faɗaɗa ta zan yi sif ya shiga.”

“Nan ciki?”

“Da a ina?”

“Dada ta sani?”

“Wace ce Dada?”

“Mahaifiyar Malam Hamisu.”

Na ce, “Aikin zamani ba a tayar da tsofaffi a kansa. Ta zo ta gani kawai.”

Ikrima ya juya wurin mutanen kan katanga ya ce, “Kun ji suruki na gari.” Suka yi ta cewa Allah ya yi albarka, wani har da cewa irin wannan karamci sai mutanen Birnin Kudu. Na ji kaina ya ƙara girma. Na ɗauka injin suke yabo.

Na fara da kwaɗon, da baƙin faifai, ya faɗi kamar an yanka kuɓewa. Na buɗe ƙofar, na tarar da labule, na ja shi na rufe ruf. Ko da wasa ba zan leƙa ɗakin 'yata ba, ina da tarbiyya. Duk aikin da na yi ranar nan, idona bai wuce labulen nan ba.

Sai firam ɗin ƙofar, na ƙarfe. Na kafa inji, tartsatsi ya tashi sama gwanin kyau, 'yan kallo suka yi kabbara. Na ƙara karkata hannu don na nesa su ma su gani. Abin da ban lura da shi ba, an jibge harawar wake a kan soron.

Wani daga katanga ya ce, “Baban amarya, hayaƙi.”

Na ce, “Haka yake yi in ya yi zafi.”

“Ba injin ba, saman.”

Kafin in ɗaga kai harawa ta kama. Aka rasa ruwa a kusa, sai wata babbar roba a gindin bishiya, an rufe ta da tire. Ikrima ya kinkima da wani, suka miƙa wa na kan katanga, aka sheƙa. Wuta ta mutu. Zoɓon baƙi ne da aka dafa aka ajiye ya huce. Ya gangaro ta indararo, ya bi shuɗin bango ja wur, unguwa ta ɗauki ƙamshin citta da kanumfari.

Ikrima ya ce, “Ko a dakata a kira magini?”

Na ce, “Magini zai zo da inji ne?”

“A'a.”

“To ka ja janaretonka.”

Na cire ƙofa da firam na jingine, na koma kan bango. A nan ne na so in tuna bayanin mai gwanjo. Na yi tunani irin na masu hankali: bango abu ne mai tauri, abu mai tauri kuwa haƙori yake so. Na ɗaura mai haƙora. Yana taɓa siminti ya yi wata ƙara, haƙoran suka fara tashi ɗaya-ɗaya. Ɗaya ya huda tulun da ke gefe, wanda sai a lokacin muka gane ashe akwai ruwa a gidan. Mutanen kan katanga suka sauka ta baya, sai hulunansu kake hangowa.

Na ce, “Gwaji ne. Yanzu za a fara aikin.”

Farin faifan ya ci simintin lafiya lau. Sai dai simintin bai kai kaurin ɗan yatsa ba, ƙarƙashinsa jar ƙasa ce, ginin tun na kakanni. Ƙura ta turnuƙe, tabarau ya rufe, na ci gaba da yanka da ƙiyasi. Da ta lafa na ga layin ya tafi a karkace. Na gyara ta hagu, dama ta fi faɗi. Na gyara ta dama, hagu ta yi fushi. Da na tsaya, ƙofar ta isa a shigar da amalanke.

Ikrima ya ce, “Faɗi kam ya samu.”

Wani ya ce, “Har da na baƙi.”

Saura tsawo, saboda kambin nan da na sa aka ɗora. A saman ƙofar akwai azara jere, baƙaƙe, sun sha shekaru. Ikrima ya matso ya rage murya.

“Baban amarya, waɗannan su ke riƙe da saman.”

“Kai da ke riƙe kan mutane, me ka sani game da kan ɗaki?”

“Na san in aka aske inda bai kamata ba, ba ya mayuwa.”

Na mayar da mai haƙora, da abin da ya rage masa na haƙora, na hau turmi na kafa shi a azara. Giginya ba ta san wasa ba. Injin ya cije, ya yi tsalle, ya ƙwace daga hannuna ya dira ƙasa yana gudu da kansa. Ya bi tsakar gida yana jan waya, kaji suka watse, Ikrima ya haye baro, wani dattijo da aka ce ya shekara yana fama da gwiwa ya tsallake katanga ba tare da ya dafa ba. Injin ya zagayo ya gwabje ƙafar sif ɗin ya ɗebe mata loma, sannan wayar ta zare ya kwanta.

Na sauko daga turmi na ɗauke shi kamar dama haka na tsara. Na ce, “Kun ga ƙarfi ko? Kuma a hakan mai araha ne.”

Na sake hawa na ƙarasa azarar, ta farko da ta biyu. Ina cikin ta uku na ji ƙasa na zubo min a wuya, siririya, kamar ana tankaɗe. Sai wata ƙara daga cikin bango, irin ta tsohuwar kujera in mai ƙiba ya zauna.

Na ce, “A turo sif ɗin. Yanzu.”

Wannan karon kowa ya ji maganata. Muka taru muka ɗaga, muka tura, ya shiga da labulen gaba ɗaya, rabi a ciki rabi a waje. Daidai nan saman ƙofar ya sauko ya zauna a kan kambin, a hankali, kamar ya daɗe yana neman wurin hutawa. Madubin ya tsage daga sama har ƙasa. Muka tura, ya ƙi gaba. Muka ja, soron ya yi nishi, muka saki.

Ikrima ya ce, “Kada wanda ya ƙara taɓawa. Yanzu shi ne ginshiƙin ɗakin.”

A nan ne muka ji guɗa daga zaure. 'Yan jere ne suka dawo, matan gida na biye da su ɗauke da tukwanen abinci. Zulaiha ce a gaba. Guɗar ta mutu a bakin mai yinta. Zulaiha ta dubi wani jan mutum mai tabarau, ƙasa tun daga hula har takalmi, ta daɗe tana dubawa.

“Yaya? Me kake yi a nan?”

Na ce, “Ga shi kuwa kina gani. Ya kusa shiga.”

“Shiga ina?”

Ta ɗaga hannu ta nuna can ɗaya gefen gidan. Wani sabon ɗaki ne na bulo, da labule mai kyalli, da jeren kwanuka ana hangowa ta taga, da 'yar ƙofarsa lafiya lau ba abin da ya same ta.

“Ɗakin Najiba ga shi can. Nan inuwa muka kawo sif ɗin don kada rana ta ɓata fentin.”

Matan suka dare, wata 'yar tsohuwa ta fito daga tsakiyarsu tana dogara sanda. Ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan makulli. Ta dubi makullin, ta dubi kwaɗon a ƙasa gida biyu, ta dubi ƙofarta jingine da bishiya, ta dubi bangon da jikanta ango ya shafa mata ragowar fenti, yanzu ja da shuɗi. Sai a lokacin na gane abin da mutanen katanga suke sa wa albarka: sun ɗauka sif ɗin kyauta na kawo wa tsohuwa.

Dada ta ce, “Wane ne mai aikin?”

Duk Kwandiko ta nuna ni.

Na cire tabarau na durƙusa. “Ina kwana, Inna.”

“Da na kwana lafiya. Kai ɗan nan, da ka shigo, me ya hana ka tambaya?”

“Nauyi, Inna.”

“Nauyi.” Ta gyaɗa kai. “Ɗakin wa ka zo nema?”

“Na yarinyar nan.”

“Gidan nan cike yake da yara. Ni ma da yarinya ce.”

“Wadda za a kawo.”

“Ka yanka min kwaɗo, ka ƙona min harawar akuya, ka shayar da bangona zoɓo, ka huda min tulu, duk ba ka ji nauyi ba sai suna? Faɗi in ji, in san saboda wa zan kwana ba ƙofa.”

Na dubi Zulaiha, ta kau da kai tana danne dariya da mayafi. Na hango Malam Hamisu a bakin zaure da butarsa, yana jin inda maganar ta dosa ya juya ya sake fita. Tsakar gida ta yi tsit, har janareto Ikrima ya kashe don kada wani ya rasa.

Na faɗa, can ƙasan maƙoshi.

Dada ta kara hannu a kunne. “Ni tsohuwa ce.”

Na rufe ido na ce, “Najiba.”

Mai guɗa ta ƙarasa guɗar da ta bari a zaure. Gidan ya kwashe da dariya har da masu riƙe ciki, na katanga suka kai wa na waje labari. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige, ko da yake a ranar nan na riga na tsaga wadda ta isa.

Dada ta bari suka gama, sannan ta buga sanda. Ta ce sif ɗin amarya yana ɗakinta, ita ta karɓa, ba mai fitar da shi sai an yi sabon soro, kuma duk macen da ta ji bakinta na ƙaiƙayi a kan kayan ɗakin yarinyar nan ta zo ta same ta. Ta ce yarinyar da ubanta ya rushe ɗaki saboda ita ba a kawo ta gidan nan don a raina ta ba. Daga nan ta raɓa ta gefen sif ɗin ta shige, don faɗin da na yi ya bar mata hanya har da ta akuya. Ta leƙo ta ce a miƙo mata injin da kwalinsa. Har yau yana can. An ce kazarta a kwalin take ƙwai.

Da magariba aka kai amarya, kayanta a akwatuna, ba wanda ya ce uffan. Ni ina gida a lokacin, Batulu na zuba min ruwa a ka, jar ƙasa na bin rariya. Da ta gama sai ta aika aka dawo mata da turminta daga maƙwabta.

Bayan kwana biyu ina shago, benci cike, ana ta tambayata yadda ake faɗaɗa ƙofa, sai wayata ta yi ƙara. Yarinyar nan ce. Ba ta taɓa kirana da kanta ba, kullum ta wurin uwarta saƙo ke zuwa. Muka gaisa a gajarce. Na fara cewa kafinta zai haɗa wani, mai noti, ta ce ba shi ya sa ta kira ba.

“Baba, an ce ka faɗi sunana a gaban mutane.”

“Tilasta ni aka yi.”

“An ce har sau biyu.”

“Tsohuwar ce ba ta ji ba.”

Ta ce, “Ni ma ban ji ba, Baba.”

Na dubi benci, duk sun zuba min ido. Na tashi na zagaya bayan buhunan taki, na kare baki da hannu, na faɗa mata.